Na'urar Bibiyar Sukari a Ɗakin Gobe da Nisa: Har Ina Za a Yarda da Lambar da Take Nunawa?

Mai ciwon sukari da ke yawo da ƙafarsa, idan sukarinsa ya faɗi, jikinsa ne ke fara kai masa rahoto. Gumi ya karyo masa, hannu ya kama rawa, zuciya ta riƙa dukan uku-uku, yunwa ta murɗe ciki. Wanda ke kwance a sashen kulawa ta musamman, wato ɗakin da jama'a ke kira gobe da nisa, ba shi da wannan gata. An ba shi maganin barci, an zura masa bututun numfashi, ba magana ba motsi. Sukarinsa na iya sauka har ya taɓa ƙwaƙwalwa ba wanda ya ankara, sai in an auna. Wannan ne ya sa likitoci suka daɗe suna sa wa wata 'yar na'ura ido, wadda ake mannawa a damtse ko a ciki, ta riƙa karanta sukari dare da rana ba tare da an huda yatsa ba. Ma'aikatan lafiya na kiranta CGM. Ga masu ciwon sukari na gida ta riga ta zama abin dogaro. Tambayar ita ce ko za ta faɗi gaskiya a jikin wanda ke tsakanin rai da mutuwa.

Kafin a kai ga na'urar, sai an fahimci abin da ya sa awon sukari ya zama rigima a wannan ɗaki. Ciwo mai tsanani yana ɗaga sukari ko ga wanda bai taɓa yin ciwon sukari ba. Jiki yana sakin sinadaran fargaba irin su kotisol da adirenalin, hanta ta yi ta zuba sukari cikin jini, insulin kuma ya rage tasiri. Ga magunguna irin su deksametason, ga abincin da ake ɗurawa ta bututu ko ta jijiya, duk suna ƙara hura wutar. Maganin shi ne insulin da ake ɗigawa ta jijiya, ana auna sukari kusan kowace awa, ana ƙara gudun ɗigon ko ana ragewa.

A 2001 Farfesa Greet Van den Berghe da abokan aikinta a birnin Leuven na ƙasar Beljiyam suka wallafa binciken da ya girgiza fannin. Sun bibiyi marasa lafiya 1,548, mafi yawansu bayan tiyata, suka matse sukarin rabinsu tsakanin 80 da 110 (ma'aunin miligiram a kowace desilita ke nan, wanda ya saba da ɗaya ma'aunin na milimol sai ya raba da 18). Mace-mace a sashen suka ragu daga kashi 8 cikin 100 zuwa kashi 4.6. Asibitocin duniya suka rungumi tsarin hannu bibbiyu. Shekara takwas bayan haka, a 2009, sai ga binciken NICE-SUGAR da aka yi a Ostareliya da Niyu Zilan da Kanada kan mutum 6,104, ya zo da akasin haka: cikin waɗanda aka matse wa sukari, kashi 27.5 ne suka rasu cikin kwana 90, alhali a ɗaya ɓangaren kashi 24.9 ne. Mummunar faɗuwar sukari, wato 40 ko ƙasa da haka, ta sami kashi 6.8 na rukunin farko, kashi 0.5 kacal na rukuni na biyu. Daga nan aka ja da baya, aka koma riƙe sukarin yawancin irin waɗannan marasa lafiya tsakanin 140 da 180.

Cikin dalilan da aka kawo na wannan saɓani akwai wanda ya shafi batunmu kai tsaye. A Leuven da jinin jijiyar bugu, wato wadda ke ɗauko jini daga zuciya, ake awo, a injin da ba ya wasa da lamba. A binciken na biyu kuwa asibitoci da yawa ne, kowa da irin ma'auninsa, har da 'yar na'urar huda yatsa. Ashe ba insulin kaɗai ake gwadawa ba, har da ma'aunin kansa. Wanda zai bi siririyar hanya mai rami hagu da dama, dole fitilarsa ta yi haske.

To me na'urar manne ke aunawa? A nan ne mutane da yawa ke kuskure, don ba jini take aunawa ba. Wani ɗan zare ne siriri kamar gashi yake shiga ƙarƙashin fata, ya zauna cikin ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin halittar jiki. A jikin zaren akwai sinadarin da ke sarrafa sukarin da ya taɓa shi, daga nan a sami ɗan ƙaramin lantarki, lissafin da ke cikin na'urar kuma ya mayar da ƙarfin lantarkin zuwa lamba. Ɗaya daga cikin irin waɗannan na'urori, Dexcom G6, na ba da lamba kowane minti biyar, wato sau 288 a rana, tana kuma yin kwana 10 a jiki. Wata kuma, FreeStyle Libre 2, na yin kwana 14. Kwatanta wannan da ma'aikaciyar jinya da ke awo kowace awa: ko ba ta tsallake ko ɗaya ba, lamba 24 za ta samu.

Sai dai sukari sai ya fita daga jini, ya ratsa bangon ƙananan jijiyoyi, kafin ya iso wurin zaren. Wannan tafiya, haɗe da lissafin na'urar, tana jawo jinkirin da ya kai kimanin minti 5 zuwa 15. Idan sukari na zaune wuri ɗaya, jinkirin ba ya cutar da kowa. Idan yana gudu, labari ya sha bamban. A ce sukarin mara lafiya na sauka da maki uku a kowane minti, jinkirin kuma minti goma ne. Jini na nuna 65, allon na'ura na nuna 95. Na'urar ba ƙarya ta yi ba, tsohon labari ta kawo. Kuma a ɗakin gobe da nisa sukari ba ya rabuwa da gudu: a tsayar da abincin bututu don za a kai mutum hoto, a manta ba a rage insulin ba, nan da nan ya yi ƙasa.

Ma'aunin da aka fi ambata wajen tantance daidaiton waɗannan na'urori shi ne wanda ake kira MARD, wato matsakaicin tazarar da ke tsakanin abin da na'ura ta nuna da abin da sahihin gwaji ya nuna, cikin kashi ɗari. Idan gwajin jini ya ce 100, na'ura ta ce 110, kuskuren kashi 10 ne. A tara irin waɗannan awo bibbiyu masu yawa, a fitar da matsakaici. Sababbin na'urori a jikin masu ciwon sukari na gida suna samun kashi 8 zuwa 10. A sashen kulawa ta musamman lambar takan hau, galibin bincike na samun tsakanin 10 da 15, wasu ma fiye. Wani zaman ƙwararrun fannin da aka yi a 2013 ya ja layi cewa ƙasa da kashi 14 karɓaɓɓe ne, sama da 18 kuwa rauni ne. Bisa wannan layi, na'urorin zamani sukan tsallake, ko da kuwa da ƙyar.

Ni dai ban cika sakin jiki da wannan lamba ba, ga kuma dalili. Matsakaici yana da halin ɓoye ɓarna. Ɗauki awo goma: tara sun kauce da kashi 5 kowanne, na goma ya kauce da kashi 55. Matsakaicinsu kashi 10 ne cif, lamba mai kyan gani a takarda. Amma idan na goman nan shi ne lokacin da sukarin mara lafiya yake 60 na'ura ta nuna 93, ma'aikaciyar jinya za ta duba allo, ta ga komai lafiya, ta bar insulin ya ci gaba da ɗiga. Awo tara masu kyau ba za su biya diyyar wannan guda ɗayan ba. Haka kuma MARD ba ya faɗa maka ko na'urar sama take karkata ko ƙasa, ba ya faɗa maka ko kuskuren a jikin mutum ɗaya ya taru ko ya bazu ga kowa.

Shi ya sa masu bincike ke haɗawa da taswirar kuskure ta Clarke, wadda aka fito da ita tun 1987. Ita ba girman kuskure kaɗai take dubawa ba, illarsa take dubawa. Ta kasa sakamako gida biyar, daga A zuwa E. Gidan A shi ne wanda bai kauce da fiye da kashi 20 ba. Gidan B ya kauce amma ba zai sa a yi maganin da zai cutar ba. Gidan D kuwa shi ne inda na'ura ta kasa ganin haɗarin da ke nan, E kuma inda za ta sa a yi akasin abin da ya kamata. Yawancin binciken da aka yi a sashen kulawa ta musamman suna ba da rahoton cewa kusan duk awon sun faɗa A da B. Abin farin ciki ne, amma akwai lauje cikin naɗi. Taswirar don masu ciwon sukari na gida aka zana ta, ba don wanda insulin ke shiga jijiyarsa kai tsaye ba. Sannan ma'aikatan jinya ba sa zuba ido sukari ya faɗi don a sami abin rubutawa, da sun ga ya doshi ƙasa za su tare shi. Sakamakon haka, awon da aka yi a lokacin da sukari ke ƙasa da 70 'yan kaɗan ne a kusan kowane bincike. Wurin da aka fi buƙatar sanin gaskiyar na'urar shi ne wurin da shaida ta fi ƙaranci.

Akwai kuma wata matsala da ba a cika faɗa ba: da me ake gwada na'urar? Idan da injin ɗakin gwaje-gwaje ne, ko injin auna iskar jini da ke amfani da jinin jijiyar bugu, to an sami alƙali nagari. Amma bincike da yawa da 'yar na'urar huda yatsa suka kwatanta, ita kuwa tana da nata laifin a irin wannan ɗaki. Yatsan wanda jininsa ya daina zagayawa sosai sanyi ƙalau yake, ɗigon da aka matso daga cikinsa ba ya wakiltar abin da ke cikin manyan jijiyoyi. Ƙarancin jini yana sa wasu na'urorin yatsa su nuna lamba sama da gaskiya. Sai a 2014 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta fara amincewa da wata na'urar irin wannan, Nova StatStrip, don masu tsananin rashin lafiya, kuma a lokacin da jinin jijiya ne ba na yatsa ba. Ko jinin jijiyar ma yana iya yaudara: idan an wanke bututun da ake ɗiban jinin ta cikinsa da ruwa mai sukari, samfurin zai nuna lamba sama, kuma an taɓa rasa rayuka saboda an ba da insulin bisa irin wannan lamba. Don haka idan na'urar manne ta ce 150, ta yatsa ta ce 125, ba dole ne a ce ta mannen ce ta ɓata ba. Mudu biyu ne suka saɓa, ba a kuma tabbatar da ɗayansu ba.

Yanzu ga abubuwan da suka keɓanta da jikin mai tsananin ciwo. Lissafin da ke cikin na'urar an gina shi ne kan fatar mutumin da ke cin abinci, yana tafiya, jininsa na gudana daidai. Wanda ƙarfin gudun jininsa ya faɗi warwas, ana ba shi magunguna irin su noradirenalin don su matse jijiyoyi, jini ya koma ga zuciya da ƙwaƙwalwa, fata ta zama saniyar ware. Wanda aka yi wa ƙarin ruwa lita-lita jikinsa kan kumbura, ruwan ƙarƙashin fata ya yawaita. Wani kuma da gangan ake sanyaya jikinsa bayan zuciyarsa ta tsaya an farfaɗo da shi. A hankalce duk waɗannan ya kamata su rikita na'urar. Abin mamaki, shaida ba ta tafi a layi ɗaya ba. Wani bincike da aka yi a Biyana ta ƙasar Ostiriya, aka wallafa a 2009, bai ga noradirenalin ya rage daidaiton na'urar ba. Wasu rahotanni kuma sun ga ta kauce a lokacin tiyatar zuciya, da lokacin sanyin jiki mai tsanani, da lokacin da jini ya yi mummunan tsayawa. Abin da na fahimta shi ne ba sunan maganin ke yanke hukunci ba, halin da fatar wannan mutumin ke ciki a wannan sa'a ne, kuma hali ne da ke iya sauyawa tsakanin safe da yamma.

Wani abu mai sauƙi amma mai yawan faruwa shi ne dannewa. Idan mara lafiya ya kwanta kan na'urar, jini ya ragu a wurin, sai ta nuna sukari ya faɗi alhali bai faɗi ba. A ɗakin da ake juya mutum kowane awa biyu don kada ya yi gyambon kwanciya, ko ake kifa shi rub da ciki don huhunsa ya buɗe, inda aka manna na'urar ba ƙaramin zaɓi ba ne. Ranar farko bayan mannawa ita ma daidaito kan yi rauni, kafin fata ta huce daga hudar.

Magunguna ma suna da nasu. Farasitamol yana sa tsofaffin na'urori su nuna lamba sama da gaskiya. Dexcom G6 ta magance wannan har zuwa giram ɗaya duk awa shida, amma maganin haidiroksiyuriya, wanda ake ba masu sikila da masu wasu cututtukan jini, yana ɗaga lambarta. FreeStyle Libre 2 kuma bitamin C ne ke ruɗa ta, kamfanin ya yi gargaɗi kan abin da ya wuce miligiram 500 a rana. A wasu gwaje-gwajen maganin gubar jini an ba marasa lafiya bitamin C ta jijiya har miligiram 50 a kan kowane kilo na nauyinsu duk awa shida, wato giram 14 a rana ga mai kilo 70. Lura da alkiblar waɗannan kurakurai: duk sama suke turawa, kuma ita ce alkibla mafi haɗari, don ita ke sa a ƙara insulin ga wanda ba ya buƙata. Ban da haka, yawancin na'urorin sai an cire su kafin a shiga injin hoton MRI, kuma suna da iyakar karatu: Dexcom daga 40 zuwa 400 take ba da lamba, abin da ya wuce haka sai dai ta ce ya yi sama. Ga wanda aka kawo da sukari 700, ba ta da abin faɗa a awannin farko.

Duk da wannan jerin laifuka, me ya sa ba a yi watsi da ita ba? Saboda daidaiton lamba guda ba shi ne kaɗai amfanin ma'auni ba. A 2010 masu binciken Biyana suka wallafa gwaji kan mutum 124 da ke kan na'urar numfashi. Ganin lambobin na'urar bai sa sukari ya ƙara zama cikin iyaka ba, amma mummunar faɗuwar sukari ta ragu daga kashi 11.5 zuwa kashi 1.6. A Amsterdam kuma, wani gwaji da aka wallafa a 2014 ya nuna lokacin da ma'aikatan jinya ke kashewa kan awon sukarin mutum ɗaya ya sauko daga minti 36 a rana zuwa 17, ba tare da haɗari ya ƙaru ba. Sirrin yana cikin kibiyar da ke gefen lambar. Gwajin jini mafi inganci yana faɗa maka inda sukari yake da ƙarfe biyu daidai, ba ya faɗa maka inda ya dosa. Na'urar manne ko ta kauce da maki 15, tana nuna maka cewa sauka yake yi, da kuma irin saurin saukar, ta kuma yi ƙara tun kafin ya kai bakin rami. Lamba 110 mai kibiya a kwance da 110 mai kibiya a tsaye ta nufi ƙasa ba abu ɗaya ba ne.

Annobar korona ce ta tura na'urar cikin ɗakin da ƙarfin tsiya. A Afrilun 2020 FDA ta sanar cewa ba za ta hana asibitoci amfani da ita ba a lokacin annobar, don a rage shiga da fitar ma'aikata da ƙarar da kayan kariya. Asibitoci suka riƙa ajiye allon karatun a wajen ƙofa, wasu har da injin ɗiga insulin, ma'aikaciyar jinya na gyara gudunsa ta bayan gilashi. A cibiyar Montefiore da ke Niyu Yok, rahoto kan mutum 11 ya sami MARD na kashi 12.6, hudar yatsa kuma ta ragu da kusan kashi 60. Mutum 11 ba su isa a kafa doka a kansu ba, kuma yawancin rahotannin wancan lokaci haka suke, ƙanana, daga asibiti ɗaya, an rubuta su cikin gaggawa. Amma sun bar gado mai amfani, wato tsarin haɗin gwiwa.

Ga yadda tsarin yake a asibitocin da suka gwada shi. Ba a yarda da na'urar don kawai an manna ta. Sai an kwatanta ta da gwajin jini sau biyu a jere, ta zo cikin tazarar kashi 20 idan sukari ya kai 100, ko maki 20 idan bai kai ba. Idan ta ci wannan jarrabawa, sai a fara gyara insulin da lambobinta, ana sake tabbatarwa da jini bayan 'yan awanni, galibi shida. Idan ta faɗi, a koma awon kowace awa. Wato kowane mara lafiya shi ke tantance na'urar da ke jikinsa, ba takardar kamfani ba. A ganina wannan ya fi duk wata muhawara kan MARD ma'ana, domin ya mayar da tambayar daga "na'urar daidai take?" zuwa "daidai take a jikin wannan, yanzu?"

Wani zai ce, tunda fata ce matsalar, me zai hana a auna jinin kai tsaye ba tsayawa? An yi. Akwai injuna irin su OptiScanner, wanda ya sami amincewar FDA a 2017, yana zuƙo ɗan jini daga babbar jijiya duk minti 15 ya auna. Irin waɗannan sun fi na fata daidaito, amma suna cinye ƙofar jijiya guda, suna da tsada da girma, ga fargabar daskarewar jini da shigar ƙwayoyin cuta. Ba su yaɗu ba. 'Yar na'urar manne, mai araha da sauƙin sawa, ita ce ta ci gaba da shiga asibitoci, duk da cewa ba don su aka ƙera ta ba.

Jagororin ƙungiyar likitocin kulawa ta musamman ta Amurka na 2024 sun ba da shawarar a riƙa awo aƙalla kowace awa, ko ci gaba ba yankewa, ga wanda ke kan insulin ta jijiya muddin sukarinsa bai daidaita ba. Hakan ya buɗe wa na'urar ƙofa, amma bai sallami gwajin jini ba. A aikace, akwai lokutan da ma'aikaciyar jinya ke barin allon ta ɗauko sirinji ko da na'urar ta ci jarrabawarta da safe: idan lambar ta doshi 70, idan kibiya ta miƙe tsaye sama ko ƙasa, idan an ƙara maganin matse jijiyoyi, idan an dawo da mara lafiya daga tiyata, idan an tsayar da abincin bututu, ko kuma idan abin da allon ke nunawa bai yi kama da mutumin da ke kwance a gabanta ba.